Waiwaye: Yadda Littattafan Asiri Suka Shuka Tsoron Ƙungiyoyin Ɓoye a Turai da Amurka

A 1463 Marsilio Ficino ya kammala fassara wasu rubuce-rubucen Girkanci zuwa Latin a birnin Florence, bisa umarnin attajiri Cosimo de' Medici. An jingina su ga wani Hermes Trismegistus, wai malamin tsohuwar Masar ne da ya yi zamani da Annabi Musa ko ma ya riga shi. Malaman Turai suka rungume su a matsayin ilimin farko da ya ɓace wa duniya. Sai a 1614 Isaac Casaubon ya bi salon harshensu, ya nuna cewa a ƙarnonin farko na miladiyya aka rubuta su. Tsufan da ake tutiya da shi ya rushe, amma tunanin ya zauna daram: akwai wani ilimin baɗini daɗaɗɗe, kuma 'yan tsiraru ne ke riƙe da shi.

Su wane ne 'yan tsirarun? A wannan shekarar ta 1614 wata ƙasida marar sunan marubuci ta fito a garin Kassel na Jamus, tana shelar wata ƙungiyar 'yan uwantaka, Rosicrucian, wadda wai Christian Rosenkreuz ya kafa bayan ya yi yawon neman ilimi a ƙasashen Larabawa. Wasu biyu suka biyo baya a 1615 da 1616. Masu ilimi suka yi ta buga wasiƙu a fili suna roƙon a shigar da su, ba wanda ya amsa. Daga baya wani malamin coci, Johann Valentin Andreae, ya amsa cewa shi ya rubuta ta ukun, ya kuma kira ta wasa. Abin lura shi ne yadda jama'a suka fassara shirun: tunda ba a gan su ba, ashe sun iya ɓuya. Wannan hujjar, wadda ke mai da rashin shaida ya zama shaida, ita ce jarin duk wani zargin maƙarƙashiya da ya zo bayanta.

Sha'awa ta rikiɗe ta koma tsoro ne bayan juyin juya halin Faransa na 1789. Wata ƙungiyar asiri mai suna Illuminati, wadda aka ɗora wa laifin juyin, ta taɓa wanzuwa da gaske. Adam Weishaupt, malamin shari'a a jami'ar Ingolstadt, ya kafa ta ranar 1 ga Mayu, 1776, membobinta ba su kai dubu uku ba, kuma gwamnatin Bavariya ta haramta ta da dokokin 1784 da 1785, ta buga takardunta da ta ƙwace. A 1797 Augustin Barruel, limamin Katolika, da John Robison, malamin kimiyya a Edinburgh, kowa ya fitar da littafin da ke cewa ita ce ta ƙulla juyin. Dabararsu ta zama abin koyi: a ɗauko takarda ta gaske, a ɗauko musiba ta gaske, a haɗa su da gadar zato, sannan a cika shafuka da sunaye har mai karatu ya gaji da tantancewa. Shekara guda ba ta cika ba, fasto Jedidiah Morse ya hau mumbari a Amurka yana gargaɗi a kan ƙungiyar da ta riga ta mutu.

Ƙarni na 19 ya ƙara wa labarin hoto. Éliphas Lévi, Bafaranshe, ya zana wata siffa mai suna Baphomet a littafinsa na sihiri na tsakiyar shekarun 1850: mai kan bunsuru da fukafukai, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa. Shi alamar daidaito tsakanin kishiyoyi yake nufi. Léo Taxil, wani marubuci Bafaranshe, ya ɗauki zanen ya liƙa wa 'yan Freemason, wata ƙungiyar 'yan uwantaka mai al'adun sirri, ya ƙirƙiro wata ƙungiyar bautar Shaiɗan a cikinsu, har da wata tubabbiya mai suna Diana Vaughan da ke tona asiri kashi-kashi, ana saye. Manyan limaman coci suka gaskata. Ranar 19 ga Afrilu, 1897, ya tara jama'a a Paris ya ce duk ƙage ne. Ihu bayan hari: maganar jabun da aka jingina wa Albert Pike, wani jigon Freemason na Amurka, a wancan lokacin, wai Lucifer (Iblis) abin bauta ne, har yau tana yawo a intanet. A ɗaya ɓangaren kuma Helena Blavatsky, wadda ta kafa ƙungiyar Theosophy a New York a 1875, ta yaɗa labarin wasu ɓoyayyun malamai a Tibet masu jan ragamar duniya zuwa alheri. Tsarin ɗaya ne, niyyar da aka ba masu riƙe da ragamar ce kawai ta bambanta.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ta gaba ta yi 'ya'ya, masu ɗaci. Takardun jabu da ke iƙirarin shirin Yahudawa na mallake duniya sun fara fitowa a wata jaridar Rasha a 1903, sannan Sergei Nilus, marubucin baɗini, ya saka su a littafinsa na 1905 kan zuwan Dujal. A 1921 Philip Graves ya jera su kafaɗa da kafaɗa da wani littafin zambo da Maurice Joly ya rubuta a 1864 kan Napoleon na Uku, a jaridar The Times ta Landan, kwafen ya fito ƙarara. Duk da haka 'yan Nazi suka ci gaba da buga su suna rabawa.

Bayan yaƙin duniya na biyu sana'ar ta koma ta ƙera isnadi. Pierre Plantard ya yi rajistar wata ƙaramar ƙungiya, Priory of Sion, a garin Annemasse a 1956. A shekarun 1960 shi da abokansa suka shirya takardun salsala na ƙarya masu nuna wai ƙungiyar daɗaɗɗiya ce, suka ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa. Ɗakin karatu yana karɓar abin da aka kawo ya ba shi lamba, ba aikinsa ba ne tantance gaskiyarsa, amma lambar ta ishi mai neman madogara. Wasu marubuta uku suka gina littafi a kansu a 1982, wasu suka kafa hujja da littafin, sawun giwa ya taka na raƙumi. A 1993 wani alƙali ya sa aka binciki gidan Plantard, ya amsa cewa ƙirƙira ce. Shekara goma bayan haka, a 2003, ƙagaggen labarin marubuci Dan Brown, The Da Vinci Code, ya fito, shafinsa na farko yana gabatar da ƙungiyar a matsayin gaskiya, wai tun 1099 aka kafa ta.