Wai me ake nufi da Monument a tseren keke?

Da zarar watan Maris ya kama, masu sharhin tseren keke sai su ɗauko kalmar Monument su riƙa yayyafa ta ko'ina. Tsere ya yi daɗin kallo, sai ka ji an ce ai wannan Monument ne. Ƙura ta tashi, mutane sun zube a kwana, wani ya ɓalle shi kaɗai ya bar ayari yana haki, to shi ma wai "ya kai Monument". Inda abin ya fi ƙamari shi ne ranar Strade Bianche, tseren nan na Italiya da ake yi a kan fararen hanyoyin tsakuwa har cikin birnin Siena. Kafin wanda ya ci ya share ƙurar fuskarsa, shafukan sada zumunta sun cika da "Monument na shida".

Monument guda biyar ne, kuma kowanne da sunansa. Akwai Milan-San Remo a Maris, sai Ronde van Vlaanderen na yankin Flanders a Beljiyam da Paris-Roubaix na Faransa a farkon Afrilu, sai Liège-Bastogne-Liège a ƙarshen watan, sannan Il Lombardia ya rufe kaka a Oktoba. Duk tseren yini ɗaya ne: a tashi da safe, wanda ya fara ƙetare layi da yamma shi ne gwani, babu gobe balle a rama. Zuwa ƙarshen 2025 mutum uku kacal suka taɓa haɗa biyar ɗin, Rik Van Looy da Eddy Merckx da Roger De Vlaeminck, dukkansu 'yan Beljiyam. Merckx shi kaɗai sau 19 ya ci Monument.

Akwai kuma kalmar kilasik, wadda ta fi faɗi. Duk wani tsohon tseren yini ɗaya mai daraja kilasik ne, biyar ɗin nan kuma su ne manyansu. Lokacin da Biniam Girmay na Eritiriya ya ci Gent-Wevelgem a 2022 yana ɗan shekara 21, kilasik ya ci, babba ma kuwa, kuma babu wani baƙar fata ɗan Afirka da ya taɓa yin haka kafinsa. Masu cewa Monument ya ci, don su ƙara masa girma, ba su taimake shi ba. Abin da ya yi ya isa a faɗe shi yadda yake.

Wannan dai mai sauƙi ne, ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ɓangarorin biyu, masu son a ƙara na shida da masu cewa a'a, suke gardama kamar akwai wani ma'auni a rubuce da ake auna tsere da shi. Masu ƙin Strade Bianche su ce yaro ne, a 2007 aka fara shi, Monument kuwa sai ya haura shekara ɗari. To, mu duba. Liège an fara shi a 1892, Roubaix a 1896, Lombardia a 1905, San Remo a 1907, Ronde a 1913. Amma Milano-Torino tun 1876 ake yin sa, ya girme su duka, kuma ba mai kiransa Monument. Paris-Tours sa'an Roubaix ne, shekararsu ɗaya, shi ma an bar shi a waje. Sai su koma kan tsawo, su ce sai tsere ya kai kilomita 250. Gent-Wevelgem yana kaiwa nan, Amstel Gold na ƙasar Holan ma haka. In da tsufa da tsawo ne ke ba da sarautar, da Bordeaux-Paris ne sarki: an fara shi a 1891, tsawonsa kusan kilomita 560, ana tashi cikin dare, wani ɓangaren ma a bayan ƙananan babura ake bi. Tun bayan 1988 ya mutu a matsayin tseren ƙwararru, yau da yawa cikin masu gardamar ba su ma taɓa jin sunansa ba.

Babu ofishin da ya zauna ya naɗa biyar ɗin nan. Daga bakin 'yan jarida da 'yan kallo sunan ya fito, ya bi jiki a hankali. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tana ba su maki fiye da sauran kilasik, amma ita ma tarar da abin ta yi ta bi sahu.

Kalmar kanta tana ruɗar mutane, domin a harsunan Turai tana nufin gini ko dutsen da aka kafa don tunawa, abin da ba ya motsi. Shi ya sa ake ɗauka tseren nan yadda kakanni suka bar su haka suke. Paris-Roubaix ya isa ya rushe wannan tunanin.

Yau ma ba daga Paris ake tashi ba. Tun 1977 daga Compiègne ake farawa, kilomita masu yawa arewa da birnin. Wasu masu masaƙa biyu na Roubaix, Théodore Vienne da Maurice Perez, su suka ƙirƙiro tseren don su jawo jama'a zuwa filin zagayen keke da suka gina, kuma Bajamushe, Josef Fischer, shi ya ci na farko. Sai laƙabin nan da kowa ke so, Jahannamar Arewa. Kusan duk shekara za ka ji mai sharhi ya ce saboda tsofaffin hanyoyin daɓen duwatsu da tseren ke bi ake kiransa haka. Sunan ya samo asali ne daga 1919, lokacin da aka dawo da tseren bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya hana yin sa daga 1915 zuwa 1918. Masu shiryawa da 'yan jarida sun bi hanyar don su ga ko akwai sauran abin bi, suka tarar da arewacin Faransa a ƙone: garuruwa a rushe, itatuwa sun zama gawayi, ramukan bama-bamai ko ta ina. Wannan suka kira jahannama. Daɓen duwatsu a lokacin ba abin magana ba ne, ai shi ne hanya mai kyau, inda babu shi laka ce.

Abin dariyar yana gaba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Faransa ta shiga zuba kwalta, masu mulkin ƙauyuka kuma suna jin kunyar a nuno garinsu a talabijin da tsohuwar hanya, kamar ci gaba bai iso musu ba. Duk inda tseren ya bi, sai a lulluɓe duwatsun. Tseren ya fara zama sumul, har Peter Post ya ci na 1964 da gudun da ya haura kilomita 45 a awa, abin da ya daɗe ba a karya ba. Masu shiryawa suka ga abinsu zai zama kamar kowane tsere, sai suka bazama cikin gonaki neman hanyoyin da kwalta ta manta da su, waɗanda sai tarakta da keken shanu ke bi. A nan ne Jean Stablinski, zakaran duniya na 1962, wanda ya yi aikin haƙar kwal yana saurayi a yankin, ya nuna musu wata miƙaƙƙiyar hanya cikin dajin Arenberg. Aka saka ta a 1968.

Tsawonta bai wuce kilomita 2.3 ba, amma ita ce hoton da ke zuwa a ran kowa in an ambaci Roubaix. Duwatsun ba a jere suke ba, wani ya ɗago kai, wani ya nutse, tsakaninsu rami ne da tayar keke za ta iya maƙalewa, ga gansakuka saboda inuwar itatuwa ba ta barin wurin ya bushe. Ayari na shigowa da gudu, keke na rawa, gorunan ruwa na tsalle daga maƙalinsu, hannuwa na salewa a kan kan keke. A nan Johan Museeuw ya faɗi a 1998 ya farfasa ƙoƙon gwiwa, ciwon ya ruɓe har aka yi tunanin yanke ƙafar. Bayan shekara biyu ya dawo ya ci tseren, ya ƙetare layi ya ɗaga ƙafar hagun yana nuna gwiwar da yatsa. Yau duwatsun da ake jin kunyarsu a da, akwai ƙungiyar 'yan sa kai, Les Amis de Paris-Roubaix, da ke durƙusawa tana gyara su ɗaya bayan ɗaya, har awaki ake kawowa su cinye ciyawar da ke tsiro a tsakaninsu. Wanda ya ci kuma curin dutse ake miƙa masa ya ɗaga sama.

Ke nan abin da mutane ke rantsuwa da shi a matsayin gadon 1896, mafi shahararsa a 1968 aka nemo shi, da gangan, don kada tseren ya lalace. Sauran ma haka suke. Ronde ya mayar da ƙarshensa Oudenaarde a 2012 ya jefar da tudun Muur na Geraardsbergen, 'yan Flanders suka yi ta kumfar baki kamar an rushe musu coci, yau kuwa tuddan Oude Kwaremont da Paterberg ake jira. Lombardia ba ya ma zama wuri ɗaya, bana a ƙare a Como, baɗi a Bergamo.

To in haka ne, me zai hana Strade Bianche shiga? A ganina ba abin da ya rasa na kyau, sau da yawa ma ya fi Liège daɗin kallo. Fabian Cancellara ya ci shi sau uku, Tadej Pogačar ya yi tafiyar kilomita 81 shi kaɗai a 2024. Abin da bai tara ba tukuna shi ne mutanen da ya hana barci. Sean Kelly ya ci huɗu cikin biyar, Ronde ya ƙi shi, sau uku yana zuwa na biyu. Philippe Gilbert ma huɗu ya ci, ya yi ta bin San Remo har ya ajiye keke bai samu ba. Lissafin nan yana da ma'ana ne saboda jerin a rufe yake, ana iya ɗora ɗan tseren yau kusa da na 1970 a gwada. Ranar da aka ce shida ne, sai a ce Merckx bai cika ba, tunda ya yi ritaya shekaru kusan talatin kafin a ƙirƙiro na shidan. Ni dai a bar su biyar, Strade Bianche ya ci gaba da zama Strade Bianche, ba zai rage masa 'yan kallo ba.

Akwai kuma masu mayar da kalmar sanda. Wout van Aert ya ci Strade Bianche, ya ci Gent-Wevelgem, Amstel Gold, da kilasik biyu na Beljiyam, E3 da Omloop, amma da yake zuwa ƙarshen 2025 Monument ɗaya gare shi, San Remo na 2020, duk ranar da ya zo na biyu ko na huɗu sai ka ga ana rubuta cewa ba ya iya cin manyan. Masu faɗin haka suna mantawa da cewa tseren yini ɗaya ba ya yafiya. A Tour de France in taya ta fashe maka yau, akwai makonni uku na gyara. A Roubaix na 2023 Van Aert yana gaba a daɓen Carrefour de l'Arbre, saura kilomita kaɗan, tayarsa ta yi faci, Mathieu van der Poel ya wuce. A 2025 Pogačar, zuwansa na farko, ya shiga wata kwana da gudun da ya fi ƙarfinta ya faɗi, Van der Poel ya sake wucewa ya ci na uku a jere, duk da gorar ruwan da wani ɗan kallo ya jefe shi da ita a fuska.

Haka kuma tseren kan faɗo a hannun wanda ba a zata ba. A 2016 Tom Boonen ya shigo filin Roubaix yana neman na biyar, abin da ba wanda ya taɓa yi, Beljiyam gaba ɗaya ta miƙe tsaye. Mathew Hayman na Ostireliya, ɗan shekara 37 wanda ya ƙare rayuwarsa yana tare wa manyan ƙungiyarsa iska, kuma makonni shida kafin nan ya karye a hannu a wani tsere, har ya koma yin atisaye a garejin gidansa, shi ya riga shi layi. Hayman yana da Monument ɗaya, daidai da Van Aert a lissafin 2025, kuma babu mai hankalin da zai ce ƙarfinsu ɗaya.