Waiwaye: Yadda Zariya ta koma garin jiran albashi

Duk majalisar da ka zauna a Zariya, daga Ƙofar Doka har Samaru, ƙorafin ɗaya ne: famfo ya ƙafe sai kurar 'yan ga-ruwa, ana ƙwacen waya da rana tsaka, ga samari jibge a bakin titi ba aikin fari bare na baƙi. Wasu sun ce tarbiyya ce ta lalace, wasu sun ce tsadar rayuwar 'yan shekarun nan ce. A ganina, tushen abin ya girmi yawancin samarin da ake nuna wa yatsa.

Farkon labarin sananne ne. Jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1910, garin ya zama mahaɗar layin Kano da na Jos, daga baya da na Gusau zuwa Ƙaura Namoda. Sabon Gari da Tudun Wada suka bunƙasa a wajen ganuwa. Kwalejin Barewa ta taso daga Kaduna zuwa garin a 1949, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, aka laƙaba wa garin birnin ilimi. Laƙabin ya dace, sai dai ya sa an manta cewa yawancin Zazzagawa ba da biro suke cin abinci ba.

Shekarar da ba a cika ambata ba ita ce 1986, lokacin da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Kafin nan akwai tsari mai kai da gindi. Masu bincike a Samaru su inganta iri, a raba wa manoma angurya, a sanar da farashi tun kafin kaka. Manomi ya kai audugarsa fuloti, wato kasuwar auduga, malamin auduga ya duba ya ba ta daraja, a auna a biya. Daga nan sai gidan gurza, a ɗaure dila-dila, jirgi ya kwasa zuwa masaƙun Kaduna ko bakin teku. A kowane mataki akwai mai cin abinci: ɗan dako, mai awo, direban lori, leburan tasha, mai ɗinkin buhu, har matar da ke aiko da tuwo bakin fuloti. Ba wanda ya nemi ɗayansu ya nuna takardar sakandare.

Tsarin ba na mala'iku ba ne. Manoma sun sha kukan cewa farashin bai kai guminsu ba, kuma noman audugar ya fara ja da baya tun farin 1973 da zuwan kuɗin man fetur. Amma da aka ɗauke shi, babu abin da ya maye gurbinsa. Iri ya cakuɗe, kowa ya zama mai saye, daraja ta faɗi, ana ɗura auduga a buhun leda yana ɓata zare. Manomi ya ga masara ta fi masa kwanciyar hankali, ya koma can. Darajar naira ta karye a daidai wannan lokaci, kayan gyaran inji suka yi tsada. Jirgi ya yi ta raguwa, kaya suka koma kan tirela, wadda ba ta da dalilin kwana a Zariya. Kafin ƙarshen shekarun 2000 manyan masaƙun Kaduna sun rufe.

Abin da ya rage wa garin shi ne makarantu, asibiti da bariki, wato albashi da kuɗin aljihun ɗalibai. Jikan ɗan dakon tasha yau acaba yake ja a Kwangila, fasinjansa ɗalibi. An ga haka ƙarara a 2022, da jami'o'i suka yi wata takwas a rufe: masu gidajen haya a Samaru, masu abinci, masu shagon buga takardu, kowa ya zauna zugum.

Jama'a kuwa ba su daina ƙaruwa ba. Mutanen ƙauyukan da a da kaka ke riƙe su sun yi ta shigowa, rashin tsaro ya ƙaro wasu. Gonakin gefen gari suka zama filaye, aka yi ta gini ba magudanar ruwa, ba bututun famfo. A irin waɗannan unguwanni ne magidanci ke ware kuɗin ruwa kowace safiya kafin ya ba da na cefane.