Diragon a littattafan labarin Kiristoci, me masu karatu ke cewa?

Wai mene ne ma diragon ɗin?

Dabba ce ta tatsuniyar Turawa, kamar ƙaton ƙadangare ko maciji mai fukafukai, yana feso wuta ta baki, galibi kuma za ka tarar da shi kwance kan tarin zinare a cikin kogo. Wasu na ce masa dodo amma ni dai kalmar ba ta kwanta min ba, dodonmu na gatanan gatananku daban yake.

To me ya haɗa shi da Kiristoci?

Littafi Mai Tsarki ne. A Wahayin Yahaya sura 12 akwai jan diragon mai kai bakwai da ƙaho goma, aya ta 9 kuma ta faɗa ƙarara cewa Shaiɗan ne, shi ya sa tun da can a Turai in an ce diragon to mugu ake nufi. Tolkien, wanda ɗan Katolika ne, a kan wannan layin ya tsaya a littafinsa The Hobbit na 1937, diragonsa Smaug haɗama ce da girman kai zalla.

Ina gardamar ta taso?

Daga lokacin da marubuta Kiristoci suka fara mai da shi na kirki. A 2004 a Amurka Bryan Davis ya fitar da Raising Dragons, labarin yaron da ya gano babansa a da diragon ne, Donita K. Paul ma ta fitar da DragonSpell inda wata yarinya ke tsintar ƙwayayen diragon har wani ƙarami a cikinsu yana warkar da ciwo. Yara da matasa suka so abin sosai, wasu iyayen kuma hankalinsu bai kwanta ba, cewa suke ta yaya abin da Nassi ya kira Shaiɗan zai koma abokin ɗana? Wani marubuci ɗan Kanada, Michael O'Brien, tun kafin waɗannan littattafan su fito littafi guda ya rubuta a kan haka, hujjarsa ita ce in ka saba wa yaro da diragon mai kirki ka rikita masa alamar da zai gane mugunta da ita. Gaskiya ban raina wannan tsoron ba, damuwa ce ta mai kishin tarbiyyar ɗansa.

Masu so fa, me suke kafa hujja da shi?

Sukan ce a duba Ayuba sura 41, ga Lewiyatan nan, ƙatuwar dabbar ruwa mai fitar da wuta da hayaƙi kuma halittar Allah ce. Sannan zaki fa, a 1 Bitrus 5:8 an kwatanta Iblis da zaki mai ruri amma a Wahayi 5:5 Almasihu ne Zakin kabilar Yahuza, kenan dabba ɗaya na iya ɗaukar ma'ana biyu, ya danganta da yadda aka yi amfani da ita.

Akwai wani ƙorafin ban da wannan?

Akwai, kuma ni shi na fi yarda da shi: wa'azi kan yi yawa, ana tsakiyar yaƙi sai wani ya tsaya yana huɗuba har labarin ya yi sanyi. Wasu kuma sihirin da ke ciki ne ya fi damunsu.

Wane littafi ne ɓangarorin biyu suka fi haɗuwa a kansa?

A ganina na C.S. Lewis ne, The Voyage of the Dawn Treader na 1952. Wani yaro mai son kai, Eustace, ya kwanta kan dukiyar diragon da kwaɗayi a ransa sai ya farka ya zama diragon, ya yi ta yage fatar da kansa har sau uku amma duk wadda ya cire sai ya ga wata a ƙarƙashi, sai da zakin nan Aslan ya sa farce ya tsage ta can ciki da zafi, ya jefa shi cikin ruwa, sannan ya dawo mutum. Masu cewa diragon zunubi ne sun ga abinsu a nan, masu tausayinsa ma sun gani, don yana cikin fatar nan ya fara taimakon abokan tafiyarsa.