Gano Tushen Siginar Rediyo da Ayarin Jirage Marasa Matuƙa

Wannan hanya ce ta tura ƙananan jirage marasa matuƙa da dama sama, kowanne ɗauke da eriya da na'urar kama sigina, su riƙa musayar abin da suka auna har su tantance wurin da wata sigina take fitowa.

Tarihi

Fasahar neman alƙiblar sigina ta girmi waɗannan jirage nesa ba kusa ba. A wajajen 1888 Bajamushe Heinrich Hertz ya lura cewa ƙarfin abin da eriya mai siffar zobe take kamawa yana sauyawa gwargwadon inda aka fuskantar da ita. Wajajen 1907 'yan Italiya biyu, Ettore Bellini da Alessandro Tosi, suka fito da tsarin eriya biyu a gicciye, wanda ya hutar da masu aiki daga juya ƙatuwar eriya. A 1919 Frank Adcock na Ingila ya yi rajistar eriyarsa, wadda ta rage kuskuren da ake samu da dare. A shekarun 1920 kuma Robert Watson-Watt ya ƙera na'urar bin sawun walƙiya, kuma daga ita aka samo wadda Turawan Ingila suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu wajen gano jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa a Tekun Atlantika. Duk waɗannan na'urori sun dogara ga tashoshi na ƙasa ko na cikin jirgin ruwa, waɗanda ba a iya sauya musu mazauni cikin sauƙi. Wannan giɓin ne jirage marasa matuƙa suka cike.

Yadda ake aikin

Jirgi ɗaya, idan ya auna daga wuri ɗaya, alƙibla kawai yake nunawa. Idan biyu ko uku suka auna daga kusurwoyi daban, inda layukansu suka haɗu nan tushen yake. Wata hanyar ita ce auna bambancin lokacin isowar sigina ga kowane jirgi. Sigina tana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren mita 300. Shi ya sa ake daidaita agogon jiragen da tauraron GPS. Auna ƙarfin sigina ya fi araha, amma ya fi yawan kuskure.

Muhimmin abu shi ne jeri. Jiragen da suka yi layi ɗaya da tushen ba sa ba da amsa mai kyau, dole manhajar da ke jagorantarsu ta watsa su su kewaye wurin, ta kuma sake musu matsayi bayan kowane awo. Batirin yawancin ƙanana ba ya wuce rabin awa da yawa.

A birni irin Kano

A cikin ganuwa gidaje sun cunkushe, rufin kwano kuma yana mayar da sigina, sai ta iso wa na'urar ƙasa ta hanyoyi da yawa. Jirgin da ya tashi sama da rufi yana samun ta kai tsaye, kamar mai tsaye a kan Dala. Zangon FM yana ƙarewa a megahaz 108, daidai inda na na'urorin sauke jiragen sama yake farawa, don haka gano tashar da ta kauce wa zangonta abu ne mai muhimmanci kusa da Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano.

Doka

Tashi da irin waɗannan jirage a Najeriya yana buƙatar izinin hukumar NCAA mai kula da harkokin jiragen sama na farar hula. Ana taƙaddama kan batun sirrin jama'a.