Shin da kuɗi ake sayen sunan dutsen sararin samaniya?

An daɗe ana cewa mai kuɗi zai iya biya a raɗa wa dutsen sararin samaniya sunansa. Ba abin mamaki ba ne a yarda, tunda akwai masu sayar da takardar shaida mai ƙyalli, har da taswirar sama. Sai dai masana taurari ba su san da wannan sunan ba.

Idan aka gano sabon dutse, lambar wucin gadi ake fara ba shi. Sai an tabbatar da hanyarsa ta kewaya rana yake samun lambar dindindin. Daga nan wanda ya gano shi yana da shekara 10 ya kawo suna, kwamitin masana na duniya ya tantance. Sunan ba ya wuce harafi 16, ba a karɓar na talla, ɗan siyasa kuwa sai ya shekara 100 da rasuwa, sharaɗin da nake ganin hikimarsa ƙwarai.

Dutse na farko, Ceres, da aka gano a 1801, sunan allahiyar noma ta Rumawa ya ci. Yanzu ana karrama masana, mawaƙa, garuruwa, har ɗaliban da suka yi fice a kimiyya.

Duk wanda ya nuna maka irin wannan takarda, tambayi lambar dutsen, ka duba jerin sunayen da masana ke wallafawa kyauta a intanet. Kowane sabon suna yana tare da dalilinsa. Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.