Hesperiphona vespertina a yankin Niyu Ingila

Hesperiphona vespertina, wanda Amurkawa ke kira Evening Grosbeak, tsuntsu ne mai cin tsaba, mai babban baki mai kauri. Tsawonsa santimita 16 zuwa 22 ne. Namijin rawaya ne da baƙi, da farin tabo a fiffike, macen kuma toka-toka ce. Asalinsa na yammacin Amurka ta Arewa ne, kuma William Cooper ne ya fara bayyana shi a kimiyyance a 1825.

Kafin hunturun 1889 zuwa 1890 ba a san shi a Niyu Ingila, yankin arewa maso gabashin Amurka, ba. A hunturun ne garkuna suka kwararo har jihar Masachusets, daga baya kuma ya zama baƙon da ake sa ran gani idan sanyi ya shigo. Ana danganta wannan da yawan dasa itacen Acer negundo a garuruwa, domin 'ya'yansa kan zauna a reshe har ƙarshen hunturu. Yawansa ya kai ƙololuwa a shekarun 1970 da 1980, lokacin da tsutsar Choristoneura fumiferana ta mamaye dazuzzukan gabashin Kanada da jihar Mein. Da ita yake ciyar da 'ya'yansa, don haka annobar itatuwa ta zame masa kaka.

Da tsutsar ta lafa, sai ya fara ja baya. Ƙididdigar FeederWatch, shirin da jama'a ke ƙirga tsuntsayen da ke zuwa inda ake zuba musu tsaba, daga 1988 zuwa 2006 ta nuna wuraren da ake ganinsa sun ragu da rabi, girman garke kuma da kashi 27 cikin ɗari. Ƙungiyar Partners in Flight ta kiyasta raguwar kashi 92 cikin ɗari tun 1970, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, kuma ta sa shi cikin jinsuna masu rauni a 2018. Bayan ƙarancin tsutsa, akwai sarar tsofaffin dazuzzuka, da karo da gilashin taga, da motoci da ke buge shi yana tsintar gishiri da tsakuwa a titi.

Hunturu guda ba ya isa a yanke hukunci kan yawansa. Tsuntsun yana gangarowa kudu ne idan tsaba ta yi ƙaranci a arewa, shi ya sa kwararowar 2020 zuwa 2021 ta ruɗi masu zaton ya farfaɗo. A FeederWatch ana ƙirga kwana biyu a jere, a rubuta adadi mafi yawa da aka gani a lokaci ɗaya. Wanda ya tara na safe da na yamma ya ƙirga garke ɗaya sau biyu. A ƙidayar tsuntsaye ta lokacin Kirsimeti kuwa, wadda ake yi a da'ira mai faɗin kilomita 24, sai an raba adadin da awannin da masu ƙirga suka yi a fili.

Idan za a zuba masa abinci, tsuntsun ya fi son faffaɗan faranti da baƙar tsabar sanfilawa, domin maƙallan siririn mazubi sun yi masa ƙanƙanta. Cunkoso a faranti na yaɗa cutar salmonela, don haka a riƙa wanke shi da bilic kashi 1 a ruwa kashi 9, a bar shi ya bushe sarai kafin a sake zuba tsaba.