Yawon Karkarar Faransa a Motar Kwana

Motar kwana mota ce da aka ƙera bayanta ya zama ɗaki, da gado, da murhun gas, da firji, da tankin ruwa, da ɗan makewayi. Faransawa suna ce mata camping-car, ƙaramarta kuwa, wadda akan gyara daga motar ɗaukar kaya, fourgon aménagé. Zagaya karkara a cikinta yana daga manyan hanyoyin hutu a Faransa, musamman ga 'yan fansho da masu iyali, kuma Jamusawa da 'yan Holan da Beljiyam da Ingila kan tsallako da nasu motocin duk shekara. Abin da ya ɗaga Faransa a wannan harka shi ne ƙauyukanta da manomanta sun ɗauki mai motar a matsayin baƙo, sun tanadar masa masauki.

Asali

Tushen al'adar yana komawa 1936, lokacin da gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata hutun mako biyu a shekara tare da albashi. A 1982 hutun ya kai mako biyar. Da tanti aka fara, sannan ɗakin da ake ja a bayan mota, daga baya ɗakin da motar suka zama abu guda. Wasu ma da hannunsu suka gyara motar ɗaukar kaya ta Citroën Type H, wadda aka ƙera daga 1947 zuwa 1981. Yau kamfanoni irin su Trigano, da Rapido na Mayenne, da Pilote na kusa da Nantes suna ƙera su, galibi a kan ƙashin motar Fiat Ducato.

Inda ake kwana

Akwai sansanonin hutu fiye da 7,000, masu daraja daga tauraro ɗaya zuwa biyar, da wutar lantarki da wurin wanka. Waɗannan kusan kowace ƙasar Turai tana da irinsu. Wanda ya fi zama na Faransa shi ne filin da ake kira aire. Faransa tana da ƙananan hukumomi kimanin 35,000, mafi yawansu ƙauyuka ne, kuma dubbai daga cikinsu sun ware ɗan fili a gefen coci ko bakin kogi ko bayan filin ƙwallo. A nan akwai famfo na cika tanki, da magudanar zubar da ruwan wanke-wanke, da wurin juye tankin makewayi. Wasu kyauta ne, wasu sai an biya 'yan yuro, wani lokaci da kwabon ƙarfe da ake saye a gidan burodi ko ofishin magajin gari. Lissafin ƙauyen a fili yake: wanda ya kwana zai sayi burodi da safe, ya leƙa kasuwar mako, wataƙila ya ci abinci a gidan abincin da shi kaɗai ya rage. Ga ƙauyen da matasansa suka tafi birni, wannan ciniki ba ƙarami ba ne.

Tsarin France Passion, wanda aka kafa a 1993, ya kai abin har ƙofar gona. Matafiyi yana biyan kuɗin shiga na shekara, ya karɓi littafin da ke ɗauke da masu masauki kusan 2,000: masu gonar inabi, masu yin cuku, masu kiwon zuma, masu zaitun, masu lambun tuffa. Yana iya tsayawa a gonar kowanne na awa 24 ba tare da biyan kwabo ba, muddin motarsa tana da ruwanta da makewayinta. Ba dole ya sayi komai ba. Abin da ake nema shi ne ya yi sallama idan ya iso, ya yi ban kwana idan zai tafi, ya kwashe shararsa. Yawancin baƙi sukan sayi wani abu don kara, kuma a nan ne baƙo ke ganin yadda ake tatsar awaki ko matse zaitun, abin da mai kwana a otal ba ya gani. Musulmi matafiyi yana iya zaɓar gonakin cuku da zuma da 'ya'yan itace, kuma samun murhu a mota yana rage masa damuwa, don naman alade ya yi yawa a abincin karkara.

Doka da hanya

Lasin ƙaramar mota ya isa tuƙa wadda ba ta wuce tan 3.5 ba, shi ya sa akasari ake ƙera su daidai wannan nauyi. Ana tuƙi a hannun dama. Iyakar gudu kilomita 130 ce a awa a babbar hanya, 50 cikin gari, 80 a hanyoyin karkara tun Yulin 2018, ko da yake wasu gundumomi sun mayar da ita 90. Manyan hanyoyi da yawa na kuɗi ne, kuma motar da tsayinta daga ƙasa zuwa sama ke tsakanin mita 2 da 3 tana biyan fiye da ƙaramar mota. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, dole a yankunan duwatsu a sa tayoyin sanyi ko a riƙe sarƙar taya.

Doka ta raba ajiye mota da kafa sansani. Motar kwana tana iya tsayawa inda ƙaramar mota ke tsayawa, sai inda magajin gari ya hana, kuma ba a wuce kwana bakwai a wuri ɗaya. Amma da zarar an fitar da kujeru da tebur, an buɗe rumfa, to an kafa sansani ke nan, wanda aka haramta a bakin teku da kewayen wuraren tarihi.

Yankunan da aka fi bi

Kwarin kogin Loire, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, ya fi sauƙi ga sabon shiga: ƙasa shimfiɗaɗɗiya, fadojin sarakuna irin su Chambord, hanyoyin keke a bakin kogi. A Dordogne akwai kogon Lascaux mai zanen mutanen zamanin dutse, wanda aka gano a 1940 aka rufe a 1963 saboda numfashin baƙi yana ɓata zanen. Kwafinsa ake nunawa yanzu. A Provence gonakin lavanda, wani tsiro mai fure mai ƙamshi, na Valensole suna fure daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, kusa da kwazazzabon Verdon mai zurfin kusan mita 700. Mai gangarawa kudu ta hanyar A75 ba ya biya sai a gadar Millau, wadda aka buɗe a 2004, mai tsayin mita 343 daga ƙasa zuwa ƙololuwarta. Da yawa suna tsara tafiyarsu bisa jerin ƙungiyar ƙauyuka mafi kyau, da aka kafa a 1982 a Collonges-la-Rouge. Sai dai titunan waɗannan ƙauyuka don keken doki aka yi su, gara a ajiye mota a waje a taka.

Saɓani

Ba ko'ina ake lale da su ba. A garuruwan bakin teku na Bretagne, yankin arewa maso yammacin Faransa, da Bahar Rum, cunkoson Yuli da Agusta ya sa hukumomi kafa sandunan ƙarfe a ƙofar wuraren ajiye mota, kusan mita 2 daga ƙasa, don kada doguwar mota ta shiga. Mazauna suna kuka da masu zubar da ƙazamin ruwa a gefen hanya, kuma kukansu yana da hujja. Masu sansanoni kuma suna ganin filayen kyauta na rage musu ciniki. Ƙauyuka da dama sun miƙa filayensu ga kamfanoni masu ƙofar da ke buɗewa da kati, abin da ya kawo tsabta amma ya ƙara tsada. Saboda haka gogaggun matafiya sun fi fita a Mayu, Yuni da Satumba, su nufi tsakiyar ƙasa, irin su Auvergne da Limousin, inda filaye ke da sarari kuma da yawansu har yanzu kyauta ne.